Takarda ta Huɗu

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Ikhlas ce ta bar mini littafin nan ranar da za ta koma ɗakinta a Gashuwa. Ta ce, "Umma, in kin rasa wanda za ki yi wa magana, ki yi wa wannan." Wata uku yana ƙarƙashin filo. A aji shida na tsaya, rubutuna ba shi da kyau, amma ba wanda zai karanta.

Saura kwana ashirin da huɗu in fita takaba.

Jiya Yaya Babakura, wan mijina Malam, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mini abin da dangi suka yanke. Ranar Juma'a 29 ga wata yayana na jini zai turo mota a kai ni wurinsa a Danchuwa. Gidan nan na mahaifinsu ne, za a share shi a yi fenti, ɗansa ya tare da iyalinsa bayan damina. Ba su zalunce ni ba. Har ya juya sai ya ce, takardun nan na shagon ƙaninsa Kyari fa, in akwai wadda nake so in ɗauka, sauran a ba mai ƙosai ko a ƙone.

Jiragen yake nufi. Guda talatin da ɗaya, duk suna rataye da zare a shagon da ke jikin zaure, inda Malam yake gyaran agogo da rediyo. Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba. Yakan samo zanen a waya, ya je Damaturu a buga masa a takarda mai kauri, ya dawo ya yanka da reza ya manna da ƙaro. Ba irin jirgin alhazai yake so ba. Na gwaji yake so, waɗanda aka ƙera ɗaya ko biyu don a ga ko dabarar za ta yi, daga nan aka ajiye su. Akwai wanda ba shi da wutsiya sam. Akwai wanda fukafukansa suka karkato gaba kamar mai miƙa hannu a ba shi abu. Nakan ce masa duk jiragen duniya sai nakasassu ya zaɓa. Yakan ce su ne ba su da mai tunawa da su.

Na talatin da biyu yana kan tebur, bai ƙarasa ba. Takarda biyar ce aka buga masa. Ya yanka ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta biyar. Ta huɗu babu.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Yau kasuwar shanu. Tun asuba tireloli ke wucewa. Na rufe taga duk da zafin.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Baraka maƙwabciyata ta miƙo mini garwashi ta kan katanga, kamar kowace safiya. Yau ta ce wai ashana ce ba ni da ita ko kuwa wutar gidanta ce ta fi daɗi. Na ce wutar gidanta ce. Ta yi dariya, ba ta ƙara tambaya ba. Allah ya saka mata.

Na shiga shago na zauna a kujerarsa. Motar da za ta zo ba za ta ɗauki gado da tukwane da jirage talatin da ɗaya ba. Ko ta ɗauka, kafin mu isa duk sun murƙushe. Guda ɗaya zan iya riƙewa a cinyata. Wannan na kan tebur nake so, kuma ba zan fita da shi haka ba. Sai na ƙarasa masa shi.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Na daɗe ina juya shi a hannu. Tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Malam ya taɓa ce mini na gaskiyar ya ninka irin wannan sau saba'in da biyu, na ce to a ina ake ajiye shi.

A gefe ɗaya akwai farfela mai ganye uku, kamar ƙaramar fanka. Nan ne gaba, wannan ko ni na sani. Manyan fukafukan suna kusa da ita, sun karkato wajenta, irin na wancan mai miƙa hannu. Ɗaya gefen tsini ne, da tsaga biyu dama da hagu, da rami a sama. Tsagar nan wurin ƙananan fukafukan wutsiya ce, duk jiragen da ke kalandar masallaci haka suke. Su ne ke cikin takarda ta huɗu ke nan. Ramin ne ban gane ba.

Ba ni da takarda mai kauri, sai kwalin maganin sauro. Na ninka shi biyu na yanka lokaci ɗaya, yadda nake yanka hannun riga, don dama da hagu su zo daidai. Sun zo daidai.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun safe. Shago yana yoyo ta kusurwa, biyu sun jiƙe sun faɗo.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan azahar

Ƙaron ya bushe a gwangwanin madarar da yake jiƙa shi. Na zuba ruwa, ashe ya yi yawa, fukafukan suka sha suka lanƙwashe kamar ganyen da ya kwana. Na cire su na shimfiɗa zane a kai na bi da dutsen guga. Sun miƙe. Da yana nan da ya ce in buɗe shagon gugar jirage.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Laraba kuma.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Irin waɗannan jiragen na kallo ne, ba a yi su don tashi ba. Malam ne ba ya barinsu haka. Sai ya ƙara faɗin fiffike, ya rage nan, ya cusa ɗan noti na tsohuwar rediyo a hanci, har sai jirgi ya yi shawagi daga zaure zuwa bakin randa. Wanda bai kai randa ba, a wurinsa bai kammalu ba, ba ya rataye shi.

Na samo noti a cikin gwangwaninsa na manna kusa da farfela. Na tsaya a ƙofar zaure na sake shi. Ko taku biyu bai yi ba ya juya ya faɗi a bayansa. Sau uku.

A na ukun Ya Fanne, matar Yaya Babakura, ta shigo da kwanon tuwo. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Meram, mai takaba da wasan yara a tsakar gida? In wani ya leƙo ya ce me?"

Na ce aikin Malam nake ƙarasawa.

Ta ce shi ma da ransa ba su gane kansa ba, balle ni. Ta ajiye kwanon ta ɗauki jirgin ta karkaɗe masa ƙasa da gefen mayafinta, a hankali kamar jariri. Ta ce in ci abinci tukuna, jirgin da bai tashi yau ba gobe ma yana nan.

Saura kwana goma sha biyar.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Ikhlas ta kira. Mun yi maganar cikinta, ƙafafunta sun fara kumbura. Can ta ce, "Umma, ni kuwa me ya sake kai Baba Damaturu ran nan? Ba a makon ya je ya dawo ba?"

Na ce ba na jinta sosai, layin yana yankewa. Layin lafiyarsa ƙalau.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Na yanka wasu fukafukan manya. Ya faɗi. Na ƙara noti na biyu. Ya faɗi da ƙarfi har ganyen farfela ɗaya ya karye. Na manna. Ban sake gwadawa ba.

Talata, 19 ga Agusta, bayan azahar

Mutane sun daina zuwa gaisuwa tun bayan arba'in. Ba laifinsu, damina ce, kowa yana gona. Gidan ya yi shiru har ina jin agogunan mutane da ba a zo an karɓa ba. Uku suna tafiya, kowanne da lokacinsa.

Abin da na fi tunawa ba wani babban abu ba ne. In ya shafa ƙaro ya haɗa gaɓa biyu, sai ya ƙwala mini kira, "Meram, zo ara mini yatsa." In zo in danna wurin da ya nuna, shi yana riƙe da ɗaya gefen, sai mun ƙirga ɗari kafin a saki. Ina ƙirgawa ina mita, miyata za ta ƙone, shi kuma yana cewa na tsallake sittin da bakwai. Kullum sai ya ce na tsallake wani abu don mu koma baya. Shekara tara ina ara masa yatsa, ban taɓa tambayarsa sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu abin maƙale shanya nake sa wa. Yana riƙewa, amma yana barin shaida a jikin takardar.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Zan rubuta sau ɗaya.

Ranar Talatar nan, jajibirin rasuwarsa, an yi iska, ta kwaso takarda daga shago ta yar a tsakar gida. Washegari da asuba gawayi ya ƙi kamawa, ina sauri in dama masa koko. Na ga takarda a ƙasa na ɗauka. Na ga zane a jiki. Na gani. Na ce a raina ai yana da su da yawa.

Da ya neme ta na gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ni ce ma na ce, takarda ɗaya ce za a tayar wa mutum da hankali a kanta. Ya sha kokonsa ya sa hula ya rataya jaka, ya ce bari ya je a sake bugo ta, kafin la'asar ya dawo. Na ce yau Laraba, hanya cike take da manyan motoci, ya bari sai gobe. Ya ce jirgin ya matsu.

Da la'asar ɗin Yaya Babakura ne ya shigo da labarin hatsarin.

Ba wanda ya sani. Ikhlas ma.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Ban shiga shago ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Zulkifli ya zo bayan masallaci. Malamin kimiyya ne a sakandare, shi kaɗai ne a garin nan yake zama da Malam su yi awa biyu suna maganar fiffike. Ya zauna a zaure, ni ina bayan labule, Ya Fanne tana tsakani. Bayan gaisuwa da addu'a ya ce ya ji za a ƙone jiragen, yana roƙo a ba shi ya rataye a ajinsa. Na ce ya yi wa Yaya magana, ni na yarda, ban da guda ɗaya.

Ya Fanne ce ta tona ni. Ta ce ai gudan nan ya hana ta barcin rana, kullum sai an jefa shi ya faɗi. Ta shiga ta ɗauko ta miƙa masa.

Na ɗaga labulen kaɗan. Yana juya shi yana taɓa kwalin maganin sauron. Ya ce, "Maman Ikhlas, wa ya nuna miki wurin waɗannan?"

Na ce ba kowa, na ga tsaga a wutsiya na sa.

Ya tambayi ta ina nake jefawa. Na ce farfela a gaba, kamar kowane jirgi. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma wani abu, ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga. Da ya natsu ya ce wannan tsinin ba wutsiya ba ce, shi ne hanci. Dabarar jirgin ke nan, abin da ya sa Malam ya ƙwallafa rai a kansa: ƙananan fukafukai a gaba, farfela a baya tana turawa maimakon ta ja. Ya ce na sa su daidai inda ya kamata, da baya da baya kawai nake tura shi tun ran farko, kuma na ɗora masa nauyi a gindi.

Ya Fanne ta ce, "To jirgin ma irin mai shi ne, komai nasa a juye."

Duk muka yi dariya. Rabon da in ji dariyata na manta.

Ya ce in koma ƙananan da na fara yankawa, in mayar da noti ɗaya tsinin. Ramin sama kuwa wurin zaman matuƙi ne, akwai murfi da ake yi masa, shi ma yana cikin takardar da ta ɓata. Na tambaya ko yana da zanen. Ya ce a wayar Malam yake, wayar kuwa ba ta dawo da rai ba. Ya ce "ta ɓata", ban gyara masa ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Na mayar da na farkon. Noti ɗaya a tsini. Na tsaya a ƙofar zaure na yi bisimilla na sake shi, tsinin a gaba.

Ya tafi. A hankali, yana ɗan karkata hagu, ya wuce igiyar shanya ya sauka taku ɗaya kafin randa. Baraka tana kan katanga da garwashi a hannu, ta ce ita fa ta gani da idonta, in ana neman shaida.

Taku ɗaya. Kuma ramin yana nan a buɗe. Na gwada yi masa murfi da kwali sau huɗu, abin yana da lanƙwasa ta ko'ina, ba kamar hannun riga ba. Duk wanda na ɗora sai ya zama kamar an kifa masa ludayi.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

Malam Zulkifli ya kwashe ashirin da bakwai a cikin kwalaye. Huɗu ruwa ya riga ya lalata su. Zaren kawai ya rage yana lilo.

Laraba, 27 ga Agusta, da safe

Tireloli. Na bar tagar a buɗe yau, ban san dalili ba. An fara ɗaure kaya. Saura biyu, jirgin bai da murfi.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya Babakura ya zo shi kaɗai. Ya tsaya a inda ya saba, hannunsa ɗaya a baya. Ya ce akwai abin da ya riƙe mini, in yafe masa. Jakar Malam ce. Tun ranar da aka miƙa masa ita a wurin hatsarin ya ɗora ta a kan sif ɗinsa, ya kasa buɗewa ya kasa kawowa. Ya ce ƙaninsa ne, shi ya goya shi. Ya ajiye ta a bakin ƙofa ya tafi da sauri, takalminsa ɗaya bai shiga daidai ba.

Na yi alwala tukuna, ban san me ya sa ba.

Madaurin ya tsinke. A ciki akwai carbinsa, da sabuwar reza, da goro biyu da suka bushe, da babban ambulan da ya lanƙwashe a kusurwa ɗaya. Ashe ya isa Damaturu. Ashe a hanyar dawowa ne. Ban taɓa tambaya ba, ba a taɓa gaya mini ba.

Takarda ta huɗu ce. Ga ƙananan fukafukai, sun ɗan fi nawa siranta. Ga murfin, gutsattsari biyar da ake haɗawa, shi ya sa ya gagare ni.

Guda biyu ya bugo, iri ɗaya. Na ɗauka kuskuren mai bugawa ne sai da na juya ta biyun. A baya ya rubuta da biro, da rubutunsa mai kwanciya:

"Wannan ta Meram ce, ta hura gawayi."

Na zauna a ƙasa a wurin. Ban san tsawon lokacin ba. Ya Fanne ta same ni ina kuka ina dariya, ta karɓa ta karanta, ta ce me ke nan. Na gaya mata duka, tun daga iskar. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce kwanansa ne ya ƙare, da ba takarda ba ce da wani abu ne, kuma mutumin da yake fushi ba ya tsayawa aron biro a shagon mutane don ya tsokani matarsa.

Na kira Ikhlas. Wannan karon layin bai yanke ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, da hantsi

Na yi wanka, na cire kayan takaba an ba da su. Baraka ta yi mini kitso jiya da yamma. Kaina ya yi mini wani iri, kamar ba nawa ba.

Takardar da ba rubutu a bayanta na sa a cikin littafin nan, Ikhlas zan ba. Tawa na yanka, tun da ni ya ba. Murfin kawai na yanko. Fukafukan kwalin maganin sauro na bar su, su suka kai shi kusa da randa. Da na juya gutsattsarin zan shafa ƙaro na ga rabin sunana ya faɗo a bayan ɗaya, zai shige ciki. Ya Fanne ta ce to an samu matuƙiya, Allah ya kiyaye fasinja.

Na ce ta ara mini yatsa. Ta danna, na riƙe ɗaya gefen, muka ƙirga. Ta tsallake sittin da wani abu, na ce mu koma baya, ta ce ba ta tsallake komai ba. Muka koma.

Da ya bushe na sake shi sau ɗaya. Ya bugi cikin randa ya zame ƙasa. Ya kammalu.

Motar tana waje, suna ɗora gado. Zan riƙe shi a cinyata cikin kwando, na rufa masa ɗankwali saboda yayyafi, tsinin a gaba.

Abu ɗaya ban rubuta ba. Da sassafe, bayan na gama yankan, ragowar takardar ta rage a kan tebur. Na tattara na kai murhu na jera gawayi a kai na ƙyasta ashana. Ta kama nan take, takardar tana da kyau. Ina fifita Baraka ta leƙo ta kan katanga da garwashinta.

Na ce, "Bar shi, Baraka. Yau na hura."